Kwana Takwas Kafin Kaisar

Daga Gottschalk, shugaban maƙerar kuɗi ta garin Ermsrode, zuwa ga yayarsa Hildegund, marubuciyar Uwar gidan zuhudu. Saura kwana goma idin waliyyi Martin.

Yaya, gaisuwa da ban girma. Ina fata sanyin bana bai shiga gwiwoyinki ba. Matata Walburga tana gaishe ki, ta ce cukun da kika aiko ya iso, sai dai mai amalanken gishirin da ya kawo shi ya ɗanɗana gefe guda.

Bayan haka, Kaisar, sarkin sarakuna, zai zo. Na san abin da ke bakinki, ki haɗiye shi tukuna. Wannan karon ba surutun kasuwa ba ne. Jiya manzonsa ya tsaya a ƙofar maƙera, dokinsa na kumfa, ya ce Kaisar ya ƙetaro duwatsu daga Italiya, kuma ranar idin Martin zai shigo Ermsrode ya zauna shari'a. Kin san doka: garin da Kaisar zai sauka, maƙerarsa ta fita hannun mai garin, a nan wato Uwa, ta koma hannun Kaisar tun saura kwana takwas. Ke nan jibi zan ajiye ƙarfen bugun da ke ɗauke da hoton Uwa, in ɗauko na Kaisar, mai shela ya soke tsohon fenik, kuɗin azurfarmu, kowa ya kawo sha biyu a ba shi tara sababbi. Ki sanar da Uwa cikin irin kalamanku masu santsi.

Ƙarfen bugun yana nan tun wanda na sassaƙa bara waccan, amma na sake gyara gemun. Yaya, da kin ga gemun nan! Gashi ɗai-ɗai, a kan azurfar da ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Na tambayi manzon ko haka gemun maigidansa yake, ya ce gemu ne dai irin na mutane. Mutumin banza, wata bakwai yana bin Kaisar bai taɓa ɗaga ido ya duba ba.

Ki saka ni cikin addu'arki. Ƙanenki, Gottschalk.

*

Daga Hildegund zuwa ga Gottschalk. Saura kwana tara.

Ƙanena, alherin Ubangiji ya tabbata a gidanka. Gwiwoyina lafiya lau, kaina ne ya fara ciwo tun da na buɗe wasiƙarka.

Kada ka koya mini doka, ni na kwafe ta sau uku da hannuna. Abin da ka tsallake shi ne layin da ke ƙasa: wanda ya buga kuɗi da sunan wanda ba shi da iko da maƙera, hannunsa na dama ake sarewa. Ikon Kaisar a kan maƙerar Ermsrode ya rataya ne ga abu guda, wato ya shigo garin. In bai shigo ba, maƙera ta Uwa ce, kai kuma ka zama mai buga jabu.

Bara waccan aka ce zai zo, kuka yanka aladu goma sha huɗu, ya bi ta wata hanya. Bara aka ce zai zo, kuka share titi, ya tafi yaƙi. Mutumin nan ƙasarsa ta yi masa yawa, shi kansa bai san inda zai wayi gari ba. Na karanta wa Uwa batunka, ta ce ba ta ga takarda mai hatimin Kaisar ba, maganar mutum a kan doki kuwa ba takarda ba ce. Umarninta: ka ci gaba da buga nata har ka ga takarda, ko ka ga Kaisar da idonka.

Ga abin da ba ta ce ba, ni nake ce maka. Wichmann, wakilin Uwa a garinku, ya daɗe yana nema wa mijin 'yarsa maƙerar nan. Sau biyu ya rubuto cewa ka tsufa, sau biyu na karanta wa Uwa wasiƙar lokacin da take gyangyaɗi. Kada ka miƙa masa wuƙar da kanka.

Tun kana rarrafe in an ce kada ka taɓa wuta sai ka taɓa ka ji ko da gaske take. Yanzu shekararka hamsin da biyu. Ka bar gemun nan a akwati.

Ina gaida Walburga, Allah ya ƙara mata haƙuri. Yayarka, Hildegund.

*

Daga Gottschalk zuwa ga Hildegund. Saura kwana shida.

Yaya, barka da ibada. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na gode da kulawa. Na fara bugu shekaranjiya.

Ki saurare ni kafin ki yi jifa da takardar. Ku kuna can cikin katanga kuna waƙa, ni nake nan a tsakanin guduma da uwar maƙera. Manzon bai tafi ba, yana masauƙin bakin kasuwa yana shan giya a kan asusun gari. Ranar da kwana takwas ɗin suka fara ya shigo maƙera ya tarar da hoton Uwa a kan ƙarfe, ya tambaye ni ko hannuna ya gundure ni. Ya ce duk fenik ɗin da ya fito da fuskar mace daga wannan safiya, sata ce daga aljihun Kaisar. To, Uwa ta ce in na buga nasa a sare hannuna, shi ya ce in na buga nata a sare hannuna. Hannun dama guda nake da shi, Yaya. Na duba na ga Uwa tana tafiyar yini guda daga nan, shi kuwa takobinsa yana taɓa cikina.

Na je wurin Wichmann in ji shawararsa. Ya karɓe ni da fara'ar da ban taɓa gani ba, har da kujera. Ya ce shi ba masanin ƙarfe ba ne, in yi abin da zuciyata ta kwanta da shi. Na ɗauka ya sauko ne.

Kasuwa kuwa ta hargitse. Wannan ne karo na uku da aka soke fenik a bana, kuma ni suke zagi, kamar ni na ƙirƙiro dokar. Gertrud mai kifi ta zube tsofaffin kuɗinta a kan teburin canji ta ce, “Gottschalk, da bazara na ba ka sha biyu ka ba ni tara, da kaka ma haka. In aka ci gaba, ranar Kirsimati kai za ka zo ka sayar da kifin, ni in zauna in kalle ka.” Na ɗaga mata sabon fenik a rana don ta ga aikin da ke jiki. Ta ce wannan akuyar ta wace ce.

Ba komai, ranar idi wanda ya san aiki zai gani. Ki lallashi Uwa. Ƙanenki mai biyayya, Gottschalk.

*

Daga Gottschalk zuwa ga Hildegund. Saura kwana huɗu.

Yaya, gaisuwa. Ki yi haƙuri da takardar, bayan wata tsohuwar shela ce mai gadi ya yago mini. Ina ɗakin ƙasa na hasumiyar ƙofar gari, a kulle.

Kaisar ya mutu. Zazzaɓi ya kama shi a wani ƙauyen makiyaya, tafiyar kwana huɗu daga nan. Labarin ya iso da hantsi. Kafin tsakar rana manzon ya ɗaure sirdinsa ya ɓace, ko sallama babu. Kafin a buga ƙararrawar la'asar Wichmann ya shigo maƙera da mutum shida. Fara'ar nan duk ta tafi. Ya kwashe ƙarfen bugu, ya sa mai shela ya faɗa wa gari cewa fenik mai gemu jabu ne, ba ya sayen ko ƙwai, kuma ba za a canja wa kowa ba. Ya ce ranar idin Martin, da faɗuwar rana, in kwana takwas sun cika Kaisar bai shigo ba, za a kai ni dandalin kasuwa a sare hannun.

Na ce masa ai shi ya ce in yi abin da zuciyata ta kwanta da shi. Ya ce, “Na ce zuciyarka, ban ce maƙerar Uwa ba.”

An ce dogaransa sun dafa gawar a tukunya sun raba ƙashi da nama, yadda ake yi wa manya in sun mutu nesa da gida, za su kai ƙasusuwan arewa inda aka binne iyayensa. Wani barde, Reinbold, shi ke jagorantarsu. Hanyar kogi za su bi, ba za su ratso ta nan ba, me za su zo yi?

Yaya, tsoro nake ji. Ina ta kallon hannun nan. Tun ina shekara tara yake riƙe da guduma, ban san abin da zan zama ba in babu shi. Walburga tana zuwa bakin taga tana kuka, tana kuma zagina, duka a lokaci guda. Kin faɗa, na sani, ba sai kin maimaita ba. Ki faɗi a gaban Uwa ki roƙe ta.

Ƙanenki, Gottschalk.

*

Daga Hildegund zuwa ga Gottschalk. Saura kwana uku.

Ƙanena, Ubangiji ya tsare ka, tun da kai ba ka iya tsare kanka ba.

Zan maimaita, don hakkina ne in maimaita: na faɗa maka. Mutumin da shekara goma bai taɓa ba ka kujera ba ya ba ka kujera, kai kuma ka zauna kana jin daɗi. Ni ban ga laifin manzon sosai ba, domin ko bai zo da takobi ba, da ka samo wani dalilin. Shekara biyu ƙarfen nan yana maka ƙaiƙayi a akwati. Kana so duniya ta ga gemu, to, ta gani.

Na durƙusa wa Uwa da waɗannan gwiwoyin da kake tambaya. Ba muguwa ba ce, amma haushin Kaisar take ji tun ranar da ya ƙwace mata harajin gada, kuma ta rantse ba za ta bar masa ko fenik guda da doka ba ta ba shi ba, yana raye ko yana tukunya. Ta ce in ta yafe maka, gobe kowane mai doki zai iya tsayawa a ƙofar maƙerarta ya karɓe ta da baki. Na ce ƙanena ne. Ta ce ta sani, shi ya sa ta bar ni na gama magana. Abin da ta rufe da shi ke nan: “Da ya shigo ƙofar Ermsrode cikin kwanakin, ba ni da ta cewa. Bai shigo ba.”

Gobe da safe za ta shiga kaɗaicin azumi na kwana uku, har idi ya wuce, ba ta ganin kowa, ba ta jin kowa. Akwatin hatiminta yana wurina kamar kullum. Kada ka tambaye ni komai, kada kuma ka yi wa Walburga wani surutu ta taga. Ka ci abinci, ka rufe bakinka. Na san na biyun zai fi maka wuya.

Raina a ɓace yake da kai ƙwarai, kuma ban iya cin komai ba tun da wasiƙarka ta iso. Yayarka, Hildegund.

*

Da sunan Uwar gidan zuhudu, mai garin Ermsrode, zuwa ga barde Reinbold, mai rakiyar ƙasusuwan ubangijinmu Kaisar. Saura kwana biyu.

Aminci da ta'aziyya su tabbata gare ka da mutanenka.

Labari ya iso mana cewa kuna tafe ta hanyar kogi, dabbobinku sun gaji, kuma kowane gari kuka shiga kuɗin garin baya ba ya karɓuwa, har kuna sayar da linzami ku ci burodi. Wannan bai dace da darajar wanda kuke ɗauke da shi ba.

Ubangijinmu Kaisar ya yi wa garinmu alkawari da bakin manzonsa cewa zai shigo ranar idin Martin. Ba mu so a ce maganarsa ta ƙarshe ta faɗi ƙasa. Daga mararrabar injin niƙa zuwa Ermsrode rabin yini ne kacal. Muna gayyatarku ku ratso, a ajiye shi a majami'ar gari, a yi masa addu'a. Rumbunmu na garin a buɗe yake gare ku: ciyawa ga dabbobi, ganga shida ta giya, da agwagin idi gwargwadon cikinku.

Sharaɗi guda ne. Ku shigo ta ƙofar gari ranar idin kanta, kafin rana ta faɗi. Ba washegari ba, ba kuma ku tsaya a bayan katanga kuna gyaran tuta ba. Mun san halin maza a kan hanya, shi ya sa muka rubuta shi ƙarara.

An rubuta, an kuma buga hatimi a gidanmu. Ubangiji ya daidaita muku hanya.

*

Daga Gottschalk zuwa ga Hildegund. Kwana ɗaya bayan idin Martin.

Yaya, gaisuwa mai tarin yawa, da hannun dama nake rubuta ta.

Kaisar ya zo. Bari in ba ki labari daki-daki, don mai gishiri zai ɓata shi.

Jiya da la'asar aka fito da ni dandali. An kawo kututture, an kawo mahauci, don garinmu ba shi da hauni na kansa. Mutumin da nake sayen tsiran alade a wurinsa shekara ashirin, ya kasa kallona, sai wasa gatari yake yi. Wichmann ya sa sabuwar riga, mijin 'yarsa na gefe yana leƙen ƙofar maƙera. Ana jiran rana ta taɓa rufin majami'a, sai mai gadin hasumiya ya ce ga baƙar tuta a hanya.

Amalanke ne guda, shanu biyu, da dogarai kamar talatin, duk sun rame. Saura jifan dutse su kai ƙofa ƙafar amalanken ta nutse a taɓo. Wichmann ya ce a rufe ƙofa, lokaci ya yi. Lokaci kuwa bai yi ba, kowa na ganin rana. Gertrud mai kifi ce ta fara tattare zanenta. Ba don ni ba, kada ki ɗauka. Ta gane cewa in amalanken nan ya shigo, fenik ɗin da ke ƙugunta kuɗi ne, in bai shigo ba ɓawon albasa ne. Ta yi wa matan kasuwa magana biyu, suka fita su kusan arba'in, suka sa kafaɗa, suna turawa suna tsine mini. Haka mai mulkin duniyar Kirista ya shigo Ermsrode, a cikin akwatin da bai kai na kayan aikina ba.

Barde Reinbold ya ga kututture ya tambayi dalili. Wichmann ya yi bayani, ya ƙare da cewa ai wannan ba shigowa ba ce, tun da mutumin matacce ne. Barden dogo ne, muryarsa a dushe, ga alama yunwa ta cinye masa haƙuri. Ya ce, “An naɗa wani?” Wichmann ya ce bai ji ba. Ya ce, “To wane ne Kaisar yau? Faɗi sunansa, mutanena su ji.” Wichmann ya dubi mutum talatin da takubba, ya dubi mata arba'in da taɓo har gwiwa, ya ce shi dama tambaya ce ya yi. Daga nan barden ya ciro wasiƙa mai hatimin Uwa ya ɗora masa a hannu. Yaya, da kin ga fuskar nan. Da kansa ya kwance ni.

Na ba barden fenik guda na tambaye shi gaskiya, ko ya yi kama. Ya juya shi ya ce maigidansa tun a Italiya ya aske gemu saboda ƙwarƙwata. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan, kuma ina ganin bai kamata a bar manyan mutane suna irin wannan ba tare da an sanar da maƙeru ba.

Sun cinye agwagi tas, sun tafi da safen nan. Bisa doka, nan da kwana takwas maƙera za ta koma hannun Uwa, a sake soke fenik, karo na huɗu, Gertrud ta ce in fara neman wurin ɓuya. Aikina duk za a narke. Wannan yana ci mini rai, amma na yi shiru kamar yadda kika ce.

Abin da ban gane ba, kin ce Uwa ta ƙi, ga shi kuma ita ta aika aka kira su. Ashe tana da taushin zuciya haka? Ki sumbaci hannunta a madadina. Zan sassaƙa mata sabon ƙarfe, in rage mata haɓa kaɗan. Ki rubuto da wuri ki faɗa mini yadda kika shawo kanta.

Walburga ta ce a gaishe ki, ta kuma ce wai ni jaki ne, ban san dalili ba. Ƙanenki har abada, Gottschalk.

*

Daga Hildegund zuwa ga Gottschalk. Kwana huɗu bayan idi.

Ƙanena, na gode wa Ubangiji da hannunka. Walburga ta yi gaskiya.

Uwa ba ta aika kowa ba. Ta fito daga azumi ta tarar da godiyar barde a kan gayyatar da ba ta yi ba. Ba ta tambaya ba, ni na faɗa. Ta ce ba za ta ƙaryata hatiminta a gaban duniya ba, don haka maganarka ta mutu, maƙera tana hannunka. Ni kuwa an karɓe akwatin, an karɓe alƙalami da tawada. Gobe zan koma gonarmu ta bayan dutse, wurin wanki. Ba zan aika wasiƙa ba, ba zan karɓa ba, sai ranar da ta ɗage hukuncin, kuma shekara ashirin da shida ina rubuta mata, ban taɓa rubuta cewa ta ɗage wani abu ba. Wannan guda ta bar ni in yi, tana zaune tana kallona.

Na so aikin nan, Gottschalk. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ba a so mu so abu haka. Ina jin haushinka har wuya, kuma in an mayar da ni ranar, abin da na yi zan sake yi.

Kada ka taɓa haɓar Uwa. Kada kuma ka amsa wannan, ba za a ba ni ba. Daga yau in wani ya tsaya maka a ƙofa da doki, babu mai karanta maka layin ƙasa, sai ka karanta da kanka.

Ka zauna lafiya. Yayarka, Hildegund.